Buhun Baƙar Ƙasa da Sandar Innarki

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum, ya sa waɗanda za ki tarar can gaba da garin Issawane, inda aka tura ki koyarwa, su zame miki dangi. Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwoyin nan da kika sani.

Kafin komai, ki ajiye jan bik ɗinki, biron nan na gyaran rubutu. Rubutun yaƙi da jahilci ne, da furfura na koye shi, takardar ma daga tsohon kayenki, littafin rubutunki, na yago ta. In kika tsaya gyara mini kamar ɗan lakwal a aji, Madam, magariba za ta yi ba ki kai ƙarshe ba.

A bakin ƙaramin buhu na ɗaure wasiƙar nan, don haka na san kin riga kin buɗe shi, kuma na san irin fuskar da kika yi. Kina zaton gero ne ko wake, sai ga baƙar ƙasa. Ba tsufa ne ya taɓa mini kai ba. Takin ramin innarki ne, Allah ya jiƙanta, sandar da ke ɗaure a jikin buhun ma tata ce.

Ga abin da ban faɗa miki baki da baki ba. Na amsa wa yayanki Sani, da an gama shigar da hatsi zan koma wurinsa Tasawa. Gwiwoyina sun daina ɗaukar aikin felu, shebur ɗin haƙa. Gidan Sani kuwa siminti ne daga zaure har makewayi, ko kaza ba ta samun wurin tono. Bana ban haɗa sabon rami ba, kuma ba zan ƙara haɗawa ba. Abin da ke cikin buhun nan shi ne iyakar abin da ya rage. In kin raya shi ya ratsa ɗarin bana har damina, ya rayu. In ya mutu a hannunki, shi ke nan, babu wani a ajiye. Na ɓoye miki ne don na san halinki, da kin ji sai ki ce kin fasa tafiya, ni kuwa ban sa ki lakwal don ki zauna gadin juji ba.

Ba ni da ilimin da zan ba ki, kin fi ni. Amma ina da kurakurai, su kam Allah ya hore mini da yawa, bari in ba ki su ki yi amfani da su.

Shekarar da aka yaye ki innarki ta fara haƙa ramin nan bayan ɗakin girki. Wurin maƙwabciyarmu Saratu matar Ishaya ta gani, ita kuma wani malamin gona ne ya nuna wa matan majami'arsu. Na dawo daga gona na tarar da matata cikin rami har ƙugu, tana jera kara da kashin awaki a natse kamar mai jeren ɗaki. Na ce, "Wanga mi ne ne kuma? Mutane na hidda juji waje, ke kina shigo da shi gida?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ka bar ni da haukata zuwa damina."

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na tafi majalisa na ce matata ta fara tuƙa wa ƙasa tuwo. Aka yi ta dariya, na ji daɗi, na ga na iya magana. Kafin mako sunan ya kai bakin rijiya, mata na kiranta Mai Tuwon Ƙasa. Tana ji, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa na ci gaba da yadda na gada: in loda busasshen kashin dabbobi a amalanke tun cikin ɗari, in zube tsibi-tsibi a gona, rana da iska su sha rabonsu, abin da ya saura ya tsiro mini ƙarangiya. Da ruwa ya sauka ta kai nata taki ƴar gamanarta, wurin da na ba ta don na fid da rai da shi. Wata biyu bayan shuka na bi ta wurin. Geronta ya yi duhu, kara kamar hannun yaro, nawa kuwa da iyaka ɗaya ta raba mu ya tsaya jajaja-jajaja. Na daɗe tsaye a kan iyakar nan. Ban ba ta haƙuri ba. Na dai daina dariya, na ɗauka hakan ya isa, alhali bai isa ba.

Ke ma za a yi miki dariya, Uwata. Madam guda da alli a hannu, an gan ta da kwanon kashin awaki a ka. Ki bar su su yi. In kuwa ke ce kika raina aikin wani, daga baya kika ga gaskiyarsa, ki buɗe baki ki faɗa masa tun yana iya ji.

Ramin ki haƙa shi a inuwa, jikin katanga. Kada zurfinsa ya wuce cinya, don ke kaɗai za ki riƙa juya shi. Ki shimfiɗa yankakken kara a ƙasa, sai kashin dabbobi, sai ƙaiƙayi da ganyen da kika share, ki barbaɗa baƙar ƙasar nan tafi biyu, toka kaɗan kamar gishiri a miya, ki yayyafa ruwa, ki sake daga farko har ya cika. Ki rufe da tsohuwar zana. Leda da tsofaffin pil na tocila ki tsince su sarai, ƙasa ba ta cin su.

Kuskurena na biyu, har gobe ban manta shi ba. Shekara ta biyu ce, tsakiyar ɗari. Na fito masallaci bayan asuba, na ɗan tsaya hira har gari ya waye, na shigo gida lulluɓe da bargo haƙorana na haɗuwa. Sai na hango hayaƙi na tashi bayan ɗakin girki, taku uku daga rumbun da abincinmu na shekara yake ciki. Ban tsaya tunani ba, na kwarma ihu, "Gobara! Jama'a gobara!" Na ɗaga randa na juye ruwan da innarki ta yini ja, na ɗauki fartanya na farke ramin, ina watsi da abin ciki hagu da dama ina neman garwashi. Maƙwabta suka shigo da bokitai. Aka tona, aka duba, ko ƙwayar wuta babu.

Innarki ta fito ta ga aikinta na wata biyu warwatse a tsakar gida. Na shirya jin faɗa, ba ta yi ba. Ta zo ta kama wuyan hannuna gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusar da ni, ta cusa hannuna cikin gefen da bai rushe ba. Ta ce, "Ji."

Uwata, zafi na ji kamar na tuwon da aka kwashe yanzu. Yatsuna da sanyi ya ƙandare suka saki. Na ce, "To wa ya sa wuta?"

Ta ce, "Ba wuta ba ce, Malam. Abin rai garai."

Ishaya ya ƙara da cewa malamin gona ya ce wasu ƴan halittu ne da ido ba ya gani suke cin karan, zafin nan na aikinsu ne, hayaƙin kuma tururi ne kawai. Ke da kika yi karatu wataƙila kin san sunansu da Faransanci. Ni dai abin da na sani, ranar nan gari duka na rawar ɗari, awaki sun cure wuri ɗaya, tsofaffi sun kewaye wutar kara, amma ƙarƙashin tsohuwar zana a bayan ɗakina akwai wata al'umma da ba ta san ana sanyi ba. Babu mai tashinsu aiki, babu mai tsaye a kansu. Abin da muka share muka zubar, har kashin akuya da muke tsallakewa, shi suke mayarwa abincinmu na baɗi, mu kuwa ko sannu ba mu taɓa yi musu ba. Na sha jin malamai na karanta cewa Allah yana raya ƙasa bayan mutuwarta, ina cewa na'am da baki. Sai ranar na ji abin a tafin hannuna. Ina nan durƙushe ina ta subhanallahi, mutane na ficewa da bokitansu suna ƙunshe dariya.

Daga ranar ta samo sandar nan ta kalgo, don kada in sake farke mata rami da sunan taimako. Ki soka ta tsakiya a karkace har ta taɓa ƙasa, ki bar ta nan. Kowace safiya ki zaro ki riƙe tsininta. In da ɗumi da danshi, ki mayar ki tafi aikinki, ba ya bukatarki. In ta fito da sanyi a bushe, ƙishirwa yake ji. In ta fito da sanyi da yauƙi tana wari, ruwa ya yi masa yawa, sai juyi. Kuma ko a lakwal ne, kafin ki tara wa abu jama'a, ki fara matsawa kusa ki sa hannu.

Na uku maganar ruwa ce. Wata shekara kakarki ta wajen uwa ta kwanta ciwo, innarki ta tafi jinya wata guda ta bar mini amanar rami. Sai na yi wayo irin nawa: tunda ni kaina ba na shan ruwa sosai cikin ɗari, shi ma haka. Na manta iskar da ke tsaga mini leɓe da diddige shi ma ba ta ƙyale shi ba. Ranar da na tuna na zaro sanda, ƙayau take, cikin ramin ya yi fari kamar an zuba toka. Da na ji saura kwana uku ta dawo, tsoro ya kama ni, na ɗauko bido huɗu cike da ruwa na tuttule masa a yini ɗaya. Kwana biyu gida ya ɗauki wari, har Ishaya ya leƙo ta katanga yana tambaya ko wata dabba ta mutu mana. Innarki tun daga zaure ta tsaya da ƙunshinta a ka, ta shaƙi iska, ta ce, "Malam, shayar da shi na ce ka yi, ban ce ka yi mai wanka ba."

Kaɗan-kaɗan yake so, amma kada a yanke. Ki damƙi na tsakiya ki matse. In ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsu ya yi yawa, in ya warwatse da kin buɗe hannu ya yi kaɗan, in ya tsaya dunƙule ya bar miki danshi a tafi to daidai ne. Na san inda za ki ruwa ba abin wasa ba ne, rijiyoyinsu sai a sa raƙumi ko sa ya ja. Ba na ce ki ɗebo don rami ba. Ki riƙa yin alwala a kan roba, sau biyar a yini ba kaɗan ba ne. Ki haɗa da tsarin da kika wanke gero da ɗaurayar tukunya, muddin ba sabulu. Duk mako biyu ki juya shi, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito gefe. Da hantsi za ki yi, ranar da babu aji, bayan rana ta ɗaga, kuma ki rufe da wuri kada sanyi ya shige shi.

Mutanen can masu kiwo ne, taki ba zai yi miki wuya ba in kin iya gaisuwa. Ki shiga wurin matansu ki zauna, ki sha abin da suka ba ki, kada ranar farko ki fito da bukatarki. Kara kuwa a can abincin dabba ne, ko guda kada ki ɗauka ba ki tambaya ba. In an hana ki, ƙaiƙayin masussuka da ɓawon gyaɗa sun isa.

Na huɗu kwaɗayi ne, kuma shi ne dalilin buhun nan. Lokacin na riga na gane daɗin abin, na zama ni ne mai yi wa mutane bayani a majalisa kamar ni na ƙirƙiro. Hadari ya fara haɗuwa gabas, innarki ta tafi suna, ni kuwa na ja amalanke na kwashe ramin tas, na kankare har jar ƙasa, na kai babbar gona. Na dawo ina jiran yabo. Ta leƙa ramin, sannan ta ce, "Ba ka rage iri ba?"

Na ce, "Irin mi? Taki ne hwa, ba gero ba."

Ta ce, "Ka taɓa ganin mai nono ta saida duka ba ta rage na zuba wa madarar gobe ba?"

Ta shiga ɗaki, ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado rufe da faifai, ta ajiye gabana. Baƙar ƙasa ce cike. Tun kwana goma kafin nan ta ɗebe ta ɓoye. Na ce don me. Ta ce, "Na san mijina." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan ba a taɓa buɗe sabon rami a gidanmu ba sai da ƙwaryar bara. Ke nan cikin buhunki akwai ɗan abin da ya taɓa hannunta tun shekarar da aka yaye ki. Wani malamin gona ya taɓa ce mini ba dole ba ne, ko ba iri ramin zai kama da kansa. Mai yiwuwa gaskiyarsa. Amma ita ba ta taɓa yin haka ba, ni ma ban so in gwada. In ya nuna, za ki gane: ya yi baƙi, ya yi laushi, ba ki bambance kara da kashi, yana ƙanshin ruwan farko. Ki ba matar gidan da kika sauka ta kai gonarta, ki zuba wa itatuwan lakwal, amma ƙwaryar farko ki ɗebe ki ajiye a inuwa kafin kowa ya taɓa.

Saura na ƙarshe. Shi na fi jin nauyi, don ke na yi wa. Bara da innarki ta rasu cikin kaka, ta riga ta haɗa ramin shekara da hannunta. Kika koma Maraɗi wurin karatunki na malanta, duk sanda kika kira sai kin ce, "Baba, ya ramin Inna?" Ni kuwa in ce yana nan lafiya. Ƙarya nake yi miki, Uwata. Ban iya zagawa bayan ɗakin girki ba. Felunta na jingine inda ta bar shi, tsohon zanenta da take ɗaurawa in za ta yi juyi na rataye a kan katanga. In na doshi wurin sai in juya baya. Fiye da wata biyu ko ɗigon ruwa bai gani ba.

Wata safiya sai ga Saratu ta shigo da ƴar sandarta, ita ma tsufa ya kama ta. Ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Malam Idi, ni ta katanga nike gani, tururi ya bar tashi gidanga. Ka binne ta sau guda, ya isa. Kada ka binne ta sau biyu."

Na so in yi fushi, na rasa ta inda zan fara. Muka zagaya tare. Na zaro sanda, sanyi ƙalau, gara har ta fara taɓa ta, za ki ga wurin. Muka yi ta tono, ko'ina a bushe kamar ba a taɓa zuba ruwa ba. Na ce mata ya mutu, mu bar shi. Ta ce sai mun kai ƙasa. Can a kusurwa, ƙarƙashin wani katangan fasasshen tulu da innarki ta kifa ban san dalili ba, muka tarar da wuri bai fi faɗin faifai ba, baƙi, da danshinsa. Gwazarma uku na naɗe a ciki, fararen tsutsotsin nan masu ƙiba, suna motsi a hankali. Saratu ta ce, "Ga su nan. Kai suke jira."

Muka sake jerawa daga farko, ita ta kawo kashin tumakinta, ni na riƙa tara ruwan alwala. Kowace safiya in zaro sanda, sanyi. In mayar. Har na fara jin kunyar kaina, dattijo guda yana gaida itace kullum. Ranar ta tara na riƙe tsininta, sai na ji ɗumi kaɗan, kamar goshin jariri. Na sake riƙewa da ɗayan hannun don kada zuciyata ce ke ruɗina. Ɗumi ne. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Kuma na faɗi maganar da na riƙe fiye da shekara ashirin, da ƙarfi, ni kaɗai a bayan ɗakin girki. Na ce, "Kin yi gaskiya. Ki yahe mani." Babu mai amsawa, sai tururi da ya fara fitowa ta ramin sandar.

Ki yafe mini ƙaryar nan, kuma kada ki rama. In sanda ta yi sanyi ki faɗa mini ta yi sanyi, mu nemi dabara tare. In ke ce zuciyarki ta yi sanyi a baƙon wuri, shi ma ki faɗa, kada ki ce mini lafiya lau don kina tausayina. Kuma kada ki ce abu ya mutu sai kin tona har kusurwar ƙasa.

Saratu ta ce in ba ta irin ta haɗa da nata, tunda ita tana nan. Na gode mata, na ce a'a, gadon ɗiya ne. Ƙwaryar ma na juye miki ita duka a buhu, na kakkaɓe. Wannan karo ma ban rage ko tafi ɗaya ba, kamar waccan shekara, sai dai yanzu da sanina na yi. Kada ki bar buhun a rana, kuma kada ki wuce mako biyu ba ki haƙa ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Safiyar da kika zaro sandar kika ji ta da ɗumi, ki kira salular Sani ki ce a ba ni. Ba sai kin tsaya doguwar gaisuwa ba, na yafe miki ita ranar. Ki ce, "Baba, ta yi ɗumi." Ya ishe ni.

Allah ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, ya ba ki haƙuri da ƴaƴan mutane, ya sa albarka a bakinki da hannunki. Allah ya kare ki daga ciwo da kaɗaici, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya jiƙan innarki, ya sanyaya makwancinta, ya saka wa Saratu da alheri. Ki gaida mutanen gidan da suka sauke ki, ki ce tsohonki na godiya tun bai san su ba.

Ni zan kasance Tasawa bisa siminti, ina jiran kiranki.

Mahaifinki,
Idi